Bangon da ke kallon taga

Jiya na miƙa makullin sito, bayan shekara huɗu ina rataye zanen mutane a gidan baje kolin zane. Waɗanda muka yi aiki tare sun san abin da ya kore ni, amma gara su ji daga bakina.

A baje kolin bara ne. An kawo mana zane sun fi 60, ɗakin kuwa ko an matsa ba zai ɗauki 25 ba. Sati biyu na yi ina jingina su da bango ina sauya musu wuri, domin zane ma yana da maƙwabcin da ke kashe masa kasuwa. A cikinsu akwai wasu ƙanana guda uku na fentin ruwa a kan takarda, aikin wata yarinya da ba ta daɗe da gama karatu a Zariya ba. Marinar Ƙofar Mata ta zana: ramuka, baba, da hannayen da shuɗi ya kama har gwiwa. Su na fi so a duk tarin. Na ware musu bangon ciki inda rana ba ta kaiwa, don tun a aji aka koya mana cewa takarda ba ta son hasken da ya wuce luks 50 (ma'aunin ƙarfin haske ke nan), fentin mai kuwa yana jure har 200.

Ana gobe buɗewa sai ga Oga da wani ƙaton zanen hawan sallah, na ɗan abokinsa. Dawakin kamar an hura su da famfo. Ya ce bangon ciki za a ba shi, ƙananan a mayar da su wanda ke kallon taga.

Na ce, "Yallaɓai, rana za ta cinye su."

Ya ce, "Kai za ka koya mini? Doki ake saye a garin nan."

Na ɗauki guduma na yi shiru.

Sati shida ranar yamma tana dukansu. Da muka sauke, na cire firam, sai ga gefen da katako ya rufe shuɗi shar, tsakiya kuwa ta koɗe kamar tsohuwar riga. Yarinyar ta zo ɗauka, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, haka na kawo su?" Kafin in buɗe baki Oga ya nuna ni ya ce ai yaron nan ne ya rataye. A albashina aka cire diyyar, wata uku.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban rubuta masa ko layi ɗaya a waya ba da zai zame mini shaida. Labule bai fi ƙarfin aljihuna ba, ban saya ba. Lambarta tana hannuna, ban kira ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu 'yan Zariya ba mu da aiki sai taƙama da ɗaliban zane na 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ƙi bin tsarin malamansu Turawa ido rufe. Ni Oga ɗaya ya gagare ni.

Ga wanda zai gaje ni: tsakiyar zane ya tsaya wajen santimita 145 daga ƙasa, ko da Oga dogo ne. Ka ɗauki hoton kowane zane gaba da baya ranar da ya shigo, mai shi ya sa hannu. Da hunturu ka riƙa duba katakon firam, yana tsagewa. Kada ka cika bango, ka bar wa ido wurin hutawa. Sunan mai zane kuma ka tambaye shi yadda yake rubutawa, kar ka yi hasashe.

Zanen dawakin yana nan a sito, bayan ƙofa ta hannun hagu, ba wanda ya ko taya. Ka yi hankali da shi wajen shara, yana da nauyi.