Wasiƙa daga Ayilan: furanni a dokin ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku daga garin Ennis da ke yammacin Ayilan. Ya zafi, ya jiran damina?

Da yammacin 30 ga Afrilu ina dawowa daga aiki na tarar da maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta haura tamanin, a durƙushe tana jera furanni rawaya a dokin ƙofarta. Ta miƙe da ƙyar, ta zo ta yafa ragowar a tawa. Na ce, "Mama, na mene ne?" Ta ce haka kakarta take yi don kada aljanu su shigo, domin gobe Bealtaine ce, ranar da sanyi ke sallama, bazararsu ta kama.

Da hira ta yi nisa na gane duk tsoron nan a kan shanu yake. Mutanen da, madara da man shanu ne abincinsu, su ne kuɗinsu. A ranar 1 ga Mayu ba a ba maƙwabci wuta, ba a ba shi gishiri ko madara, wai albarkar gidan ce za ta bi shi. Mayya kuwa, a cewarsu, zomo take rikiɗa ta tsotse saniya da asuba, sai a wuni ana kaɗa nono mai ya ƙi fitowa. Saboda haka suke hura wuta biyu su kora garke ta tsakani kafin a fita kiwo. 'Yan mata kuma su yi sammako su wanke fuska da raɓa don kyan fata. Har yanzu ana kunna babbar wuta a tudun Uisneach. A 2017 shugaban ƙasa Michael D. Higgins ne da kansa ya kunna ta.

Akwai wata itaciya mai ƙaya da fararen furanni da suke jin tsoronta kamar yadda ake tsoron tsamiya a wajenmu. A 1999, nan kusa da mu a Latoon, aikin babban titi ya biyo ta kan irinta, mutane suka ce ta aljanu ce. Aka bar ta, titi ya wuce ta gefenta.

Ni dai na san Allah ne mai tsarewa, kuma na faɗa mata. Amma furannin nan ban share su ba sai da suka bushe, don tsohuwar nan da ciwon gwiwarta ta tsinko su, ta kuma lissafa gidana cikin gidajen da take so a tsare.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a Ennis