Daren da madarar ta zube

Watanmu biyu da tarewa a sabon gari na haihu. Ko kwalayen kayanmu ba mu gama kwancewa ba, maƙwabciyata kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, tawa kuma ba ta yafe ko ɗaya ba. Hutun haihuwata mako 14 ne, daidai mafi ƙarancin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar a yarjejeniyarta ta shekarar 2000. Kafin in ankara ya ƙare. Na riga na ƙudura ba ta nono zalla har wata 6, yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sai na koma tatsa: da asuba a gida, da rana a wani ɗan ɗaki a wurin aiki. Kowace kwalba nakan rubuta mata rana da lokaci, domin wanda aka tatsa ba ya wuce awa 4 a ɗaki, a firji kuma kwana 4.

Duk wannan na iya da shi. Abin da ya gagare ni shi ne buɗe baki. Ina ta jira maigidana ya ga gajiyata da kansa, shi kuma yana fama da sabon aiki, ya ɗauka shiruna lafiya ce. Wani dare hannuna ya kuskure, tatsar wuni guda ta malale a ƙasa. Nan ya same ni zaune kusa da ita ina kuka.

"Tun yaushe kike cikin wannan halin?" ya tambaye ni.

Na ce tun makon farko. Ya yi shiru, ya ɗauko tsumma.

A daren muka raba dare biyu. Daga ƙarfe 9 zuwa 1 nasa ne, shi da kwalba, sauran nawa. Barcin awa 4 a jere ya dawo mini da hankalina. Likita ma na gani, don ƙuncin da ya wuce mako 2 bayan haihuwa ba na zama a yi ta haƙuri ba ne, yana da magani. Da na sani da tun farko na je.

Ran Asabar na goya yarinyar na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata. Ashe ita ma baƙuwa ce a garin, da ɗa ɗan wata 8. Yanzu duk wadda aiki ya riƙe, ɗayar ce ke ɗauko yaran daga gidan raino.