Abin da tafinta ya ƙi fassara mini a Krzyżowa

Duk wanda zai je tattara tarihin wani ƙauye a yammacin Poland, ya bar rikodarsa a kunne ko da tafinta ya ce masa maganar da ake yi ba ta shafe shi ba. Wannan kaɗai ya cece ni, kuma har yau in na tuna mutumin da na biya ya yi mini fassara sai raina ya sosu.

Aikin da aka ba mu a darasin tarihin Turai shi ne kowa ya zaɓi ƙauye guda da ya fita daga hannun Jamus ya koma Poland bayan yaƙin duniya na biyu. Na ɗauki Krzyżowa, ɗan ƙauye kusa da garin Świdnica a yankin Silesiya, wanda Jamusawa ke kira Kreisau. Abin da ke cikin littattafai bai ba ni wahala ba. Yankin ya taɓa zama na sarakunan Poland, ya koma hannun Bohemiya, a 1526 ya shiga ƙarƙashin Ostiriya, a 1742 Furusiya, wata masarautar Jamusawa, ta ƙwace shi. A 1867 Helmuth von Moltke, babban hafsan sojan Furusiya, ya sayi gandun ƙauyen da kuɗin tukuicin da aka ba shi bayan an ci Ostiriya da yaƙi. Daga zuriyar gidan aka samu Helmuth James von Moltke, lauyan da ya tara abokansa a nan sau uku cikin 1942 da 1943, a wani gida da ke kan tudu, suna tsara yadda Jamus za ta kasance in Hitler ya faɗi. An kama shi a Janairun 1944, aka rataye shi a kurkukun Plötzensee da ke Berlin ranar 23 ga Janairun 1945. Matarsa Freya ta ɓoye wasiƙunsa cikin amya, inda ba mai sa hannu sai ya shirya wa zuma.

Duk wannan a yini guda za ka same shi, an ma rubuta shi a jikin alluna. Ni talakawan ƙauyen nake nema. Na tafi da irin tunaninmu na gida, inda za ka je wurin dagaci ya haɗa ka da tsohon da ya fi kowa shekaru, shi kuma ya jero maka tun daga kakan da ya sari garin. Jamusancin da na sha wahalar koyo bai amfane ni ba, don tsofaffin da harshen Poland suke magana. Sai na ɗauki tafinta daga Wrocław, biya da awa, kuɗin jirgin ƙasansa da abincinsa duk a wuyana.

Wata tsohuwa ta karɓe mu a ɗakin girkinta, ta kawo shayi a kofin gilashi. A kan kanta akwai jerin gwangwanayen gari da sukari da gishiri, fentinsu ya kokkoɗe, rubutun jikinsu na Jamusanci. Na tambaye ta me iyayenta suka gaya mata game da ƙauyen nan kafin yaƙi. Ta yi ta magana, ta tashi ta ɗauko hoton wani gidan katako mai jinka, ta nuna gwangwanayen, ta nuna rufi, har muryarta na rawa. Da ta yi shiru na dubi tafinta. Ya ce, “Labarin wani gari take yi, ba wannan ba. Tambaye ta wani abu daban.” Iyakar fassarar ke nan. Haka ya sake yi mini a wurin wani dattijo. Na koma masauki ina lissafin kuɗin da suka tafi a banza, ina ganin mutanen nan ba su san tarihin garinsu ba.

Sai da wata abokiyar karatuna ’yar Poland ta saurari faifan, tun ba a yi nisa ba ta dakatar da shi ta ce, “Ka san abin da ke hannunka kuwa?” Ashe tsohuwar cewa take iyayenta ba su da abin faɗa a kan wannan ƙauye kafin yaƙi, don ba su taɓa jin sunansa ba. Daga gabas suka taso, wani ƙauye da yanzu yake cikin Yukren. A taragon kaya aka loda su, su da saniyarsu, aka yi makonni ana tafiya ana tsayawa. Gidan da aka ba su, masu shi Jamusawa na ciki ba su tashi ba tukuna, murhu ɗaya suka yi ta girki a kai duk tsawon hunturu, ba mai jin yaren wani, har ranar da aka zo aka kwashe Jamusawan. Gwangwanayen na matar gidan ne. Rufin da take nunawa kuwa, mahaifinta ne ya yi shekaru ya ƙi gyara shi, ruwa na zuba ana tara bokiti, yana cewa me zai sa ya kashe kuɗi a gidan da masu shi za su dawo.

Wannan fa shi ne tarihin da aka aike ni in nemo, shi ne kuma tafinta ya yanke hukuncin cewa ba tarihi ba ne. A taron Potsdam na 1945 aka miƙa wa Poland ƙasashen Jamus da ke gabas da kogunan Oder da Neisse, bayan Tarayyar Sobiyet ta riga ta haɗiye gabashin Poland. Aka kori miliyoyin Jamusawa zuwa yamma, aka zuba waɗanda aka raba da gabas da wasu daga tsakiyar ƙasar a gidajensu. Tsoron mahaifin tsohuwar ba hauka ba ne: Jamus ta Yamma ba ta amince da iyakar ba sai a yarjejeniyar Warsaw ta Disamban 1970, maganar kuma ba ta mutu ba sai ranar 14 ga Nuwamban 1990, da haɗaɗɗiyar Jamus ta sa hannu. Gandun Moltke ya zama gonar gwamnati a zamanin kwaminisanci, gine-ginen suka yi ta lalacewa. A cikin farfajiyarsa, kwana uku bayan faɗuwar katangar Berlin, ranar 12 ga Nuwamban 1989, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Kohl da firayim ministan Poland Tadeusz Mazowiecki suka rungumi juna a wurin addu’ar sulhu. A 1998 aka buɗe wurin a matsayin cibiyar haɗuwar matasa, shi ya sa yanzu komai tsaf da sabon fenti.

Na gane tafintan ya saba da baƙi masu zuwa ganin gidan Moltke da hoton rungumar, su ɗauki hoto su hau mota. Amma ni ban ɗauke shi don ya tace mini magana ba. Sai da na sake biyan wani ya rubuta faifan kalma da kalma.

Mai shirin irin wannan aiki, ku yi sharaɗi da tafinta tun kafin ku ƙwanƙwasa ƙofa: kowace jimla a fassara ta, ko da zancen saniya ne. Ka fara da tambayar daga ina iyayen mutum suka taso. Takardun da suka girmi 1945 kuwa da sunan Jamusanci za ka neme su, Kreisau a gundumar Schweidnitz, wato Świdnica, waɗanda suka girmi 1930 kuma Creisau aka rubuta. Ka lura da tikiti, akwai wata Krzyżowa kusa da Bolesławiec, da wata can wajen Żywiec.

Da na nemi komawa wurin tsohuwar, ’yarta ta ce jiki ya yi nauyi, ba ta ganin baƙi. Da an fassara mini a take, da na tambaye ta sunan iyalin Jamusawan, da ko sun taɓa aiko da wasiƙa, da shekarar da mahaifinta ya haƙura ya hau ya gyara rufin.