Kwana bakwai a ƙafa, daga Dharapani zuwa bayan Thorong La

Da hantsi, a tsakar gidan baƙin da muka kwana a ƙauyen Dharapani, jagoranmu ya ce kowa ya fito da jakarsa. Ya ciro ɗan sikelin rataye daga aljihu, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Tawa ta haura kilo 15. Ya dube ni ya ce, "Dai, da kai za ka ɗauka da ban ce komai ba. Ga mai ɗauka can, kuma jaka biyu ce a kansa." Ya nuna mini wani siririn saurayi da ke ɗaure igiya a bakin ƙofa. Dai a bakin mutanen Nefal yaya ke nan, haka suke kiran namijin da ya girme su. Na tsuguna na zazzage kayan, na ware littattafai biyu da takalmi da wasu riguna, aka bai wa direban da ya kawo mu ya koma da su.

Shekara shida ke nan ina aiki a Doha, kuma duk wanda ya zauna a Katar ya san yawan 'yan Nefal a can. Wani abokin aikina ɗan gundumar Lamjung ne ya dame ni da hotunan duwatsun garinsu, har abin ya shiga raina. Na nemi biza a ofishin jakadancinsu da ke Doha, domin mai fasfon Najeriya ba a buga masa a filin jirgin Katmandu kamar yadda ake yi wa yawancin baƙi. A ƙarshen Oktoban 2023 na sauka, na samu sallar Juma'a a babban masallacin da ke kusa da hasumiyar agogo ta Ghantaghar, washegari muka wuni a bas zuwa Besisahar. Daga nan jif ta kwashe mu ta bi gefen kogin Marsyangdi, kan hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse, wadda ta sa na yi ta salati har muka sauka.

Mu shida ne baƙi: ni, da wasu mata biyu 'yan Koriya, da wani dattijo Bajamushe da matarsa, da wani matashi ɗan Ostireliya mai gudun fanfalaki. Tare da mu akwai jagora da mataimakinsa da 'yan dako uku. Tun watan Afrilun 2023 dokar hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta fara aiki cewa baƙo ba zai bi irin waɗannan hanyoyi ba sai da jagora mai lasisi, ga kuma takardar izinin shiga gandun Annapurna da ake dubawa a shingaye. Abin da muka nufa shi ne Thorong La, mashigin da ke tsakanin ƙwarin Manang da yankin Mustang, mai tudun mita 5,416.

Kwana biyun farko daɗi ne zalla. Kogi na ruri a ƙasa, dajin itatuwa masu ƙamshi a sama, gadojin waya suna lilo da mutum, alfadarai ɗauke da tukwanen gas suna zuwa da ƙararrawa a wuya. Abu na farko da aka koya mana shi ne in dabbobi sun taho ka raɓe ta ɓangaren dutse, kada ka tsaya ta gefen rami. Mun kwana a Chame, wajen mita 2,670, wato mun riga mun zarce Chappal Waddi na Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya. Washegari muka ratsa gonakin tuffa na Bhratang, sai ga wani falalen dutse da ake kira Paungda Danda ya tare rabin sama, a lanƙwashe kamar cikin ƙaton akushi. Ni da ɗan Ostireliyan nan kullum muna gaba, muna jin ƙarfi a jikinmu. Jagora bai taɓa ɗaga murya ba. Sai dai ya iso inda muke, ya wuce gabanmu, ya rage taku har ya zama dole mu bi sawunsa, yana cewa "bistari, bistari", sannu-sannu ke nan.

A waɗannan kwanakin ne na fara lura da yaron da ke ɗauke da kayana. Yakan haɗa jakata da ta dattijon nan ya ɗaure tamau, ya ɗora tasa 'yar ƙaramar a sama, sannan ya zagaya kayan da wata faffaɗar igiya da suke kira namlo, ya ɗora ta a saman goshinsa. Nauyin a gadon baya yake, amma wuya ne ke riƙe da shi. Yakan sunkuya kaɗan, hannuwansa biyu a kan igiyar kusa da kunnuwa, takunsa gajeru, ba ya sauri ba ya tsayawa. A bakin hanya akwai dakalan dutse da aka gina daidai tsayin ƙugu, ya juya baya ya jingina kayan a kai ba tare da ya sauke ba, ya yi fito sau ɗaya, ya ci gaba. Na sha ganin 'yan dako a Kantin Kwari da Dawanau, gammo a ka, ban taɓa tsayawa na kalli yadda suke taku ba. Wannan na kalle shi kwana bakwai. Na kira shi bhai, ƙane, shi kuma yana ce mini dai.

Masaukan hanyar ƙananan gidaje ne, ɗakunan katako marasa ɗumi, sai zaure ɗaya mai murhun ƙarfe a tsakiya inda kowa ke taruwa da yamma. Can sama inda itace ya ƙare, busasshen kashin yak ake hura wa, wato shanun dutsen nan masu dogon gashi. Nama ban taɓa shi ba tunda ban san yankansa ba, kuma ban rasa komai ba. Abincin kowa dal bhat ne: shinkafa, da romon wani ɗan ƙaramin wake, da ganye, da dankalin turawa, ana ƙara maka har sai ka rufe faranti da hannu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sai mun gama ci tukuna jagorori da 'yan dako suke cin nasu, galibi a kicin. Na roƙi bhai ya zauna tare da ni, ya yi murmushi ya ƙi. Sai a dare na huɗu, da na ɗauki farantina na bi shi kicin ɗin, muka ci tare.

Salla kuwa ƙasaru nake yi, ina haɗa azahar da la'asar. Ruwan famfo da asuba yakan daskare, sai na riƙa sayen ruwan zafi a fulas tun dare ina kwana da shi cikin bargo saboda alwala. A Upper Pisang na samu waya ta shiga, na kira mahaifiyata a Zariya. Tambayarta ta farko ita ce, "To ka san gabas kuwa a can?" Na ce, "Inna, a nan inda rana ke faɗuwa ake fuskanta." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah mai iko, ta sa mini albarka. Tun daga ranar jagora ya riƙe lokutan sallata, da rana ta karkata sai ya zaɓi wurin hutu mai shimfiɗaɗɗen dutse ya ce, "Dai, ga wurinka."

Hawan Ghyaru ne ya fara gwada mana cewa iska ta canza. Hanyar tana nannaɗe da jikin tudu, kwana bayan kwana, kuma kowane taku goma sai ƙirji ya nemi hutu. A sama muka juya, sai ga Annapurna ta Biyu, mita 7,937, fara fat, kusa kamar ka miƙa hannu. A Manang, wajen mita 3,540, muka ƙara kwana guda don jiki ya saba. Akwai ƙaramin asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya a garin, inda likitocin sa-kai ke yi wa matafiya bayani da rana. A nan na fahimci abin da jagora yake tsare mu daga gare shi. Iskar sama ba ta da nauyin ta ƙasa, don haka a Thorong La numfashi guda yana kawo kusan rabin abin da yake kawowa a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Shi ya sa bayan mita 3,000 ba a son wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wanda ya yi gaggawa, ciwon kai da amai ne farko, in ya nace ruwa na iya taruwa a huhunsa ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ƙarfin jiki ba ya hana shi, maganinsa na gaskiya kuma shi ne a sauka.

Mun ga haka da idonmu a Yak Kharka. Ɗan Ostireliyan, wanda a ranar hutu ya ƙi zama ya haye wani tudu da gudu, ya kasa cin abincin dare. Da safe jagora ya maƙala masa 'yar na'urar auna iskar jini a yatsa, ya ja layi a ƙasa da sanda ya ce ya bi shi diddige na taɓa yatsu. Yaron ya yi tangaɗi kamar mai maye. Ya roƙa, ya ce ya biya kuɗi, ya ce saura kwana biyu kacal. Jagora ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce mataimakinsa zai sauka da shi Manang yanzu-yanzu. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma ban ga laifin hukuncin ba ko kaɗan. A hanya jagoran ya tuna mana Oktoban 2014, lokacin da guguwar Hudhud ta turo dusar ƙanƙara kan wannan yanki, mutum sama da 40 suka rasu, da yawansu a kewayen wannan mashigi, kuma cikinsu akwai 'yan ƙasar masu irin aikinsa.

A Thorong Phedi, gindin mashigin, barci bai yiwu ba. Da na fara gyangyaɗi sai in farka ina haki. Ƙarfe huɗu na dare muka fita da tocila a goshi, domin a tsallake kafin iskar hantsi ta taso. Sa'ar farko hawa ce a miƙe zuwa High Camp, ba ka ganin komai sai dugadugan na gabanka da jerin fitilu a sama kamar taurari sun sauko. Ruwan gorata ya daskare. Bayan gari ya waye na yi ta ganin tudu ina cewa shi ne na ƙarshe, in na hau sai wani ya bayyana. Wajen mita 5,200 ƙafafuna suka yi nauyi, na zauna a kan dutse, zuciyata na ce mini a nan zan tsaya. Jagora ya tsuguna ya tambayi sunana da sunan garinmu, ya sa na taka layi, ya ga hankalina da takuna daidai suke. Ya ce, "Gajiya ce kawai. Taku ɗaya, numfashi biyu. Bi ƙafata." Na ɗora tasbihi a kan takun, Subhanallah a dama, Alhamdulillah a hagu, ban sake ɗaga kai ba.

Ƙarar tutoci na fara ji kafin in gan su, ɗaruruwan ƙyallaye masu launi biyar da mabiya addinin Buddha ke ɗaurawa, iska na kaɗa su a kan allon da ke ɗauke da lambar 5,416. Akwai wata 'yar bukkar dutse da ake sayar da shayi. Bhai ya riga mu isowa da kusan sa'a guda, yana tsaye a bakin bukkar da kofi a hannu yana jirana. Na karɓa da hannu biyu, na kasa magana. Na yi sujjadar godiya a kan ƙanƙara, goshina ya yi sanyi har cikin ƙashi. Minti ashirin jagora ya ba mu.

Saukar ta fi wahalar da gwiwa, mita 1,600 a wuni ɗaya a kan tsakuwa mai zamewa. Ƙasar ta koma ja da ruwan toka, babu itace, kamar an ɗaga hamada an ɗora a sama, ga Dhaulagiri can gaba. Da la'asar muka shiga Muktinath, inda Hindu da 'yan Buddha ke zuwa ziyara, masu ibada na bi ƙarƙashin bututun ruwa 108 cikin wannan sanyi.

A nan aikin 'yan dako ya ƙare. Da dare muka haɗa musu kuɗin sallama a ambulan kamar yadda aka saba. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya, ina roƙonsa ya tambayi kamfanin tun kafin ya biya: kilo nawa ake ɗora wa ɗan dako, yana da inshora, wa ke ba shi takalmi da rigar sanyi? Na ba bhai safar hannuna da tocilata. Ya ce mini da kakar tafiya ta ƙare a Disamba zai je Katmandu neman takardun aiki a Katar, wajen gine-gine, domin dako wata huɗu ne kawai a shekara. Na rubuta masa lambata ta Doha a bayan takardar izinina na yage na ba shi. Ya ninke ta sau huɗu ya sa cikin hularsa. Da asuba na leƙa ta taga na gan shi da sauran biyun suna gangarawa tashar mota, namlo a naɗe a hannu, bayansu babu kaya.