Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Mari da Bashi a Kurkukun Tailan

A makon jiya na tsaya a ranar da alƙali a Bankok ya yanke mini ɗaurin rai da rai a 2001, bayan na amsa laifin ɗauko hodar heroyin da aka kama ni da ita a filin jirgin sama na Don Mueang. Da na yi gardama, mai yiwuwa da hukuncin kisa zan samu, a lokacin kuwa harbi ake yi, domin sai a 2003 ƙasar ta koma amfani da allura.

Ranar da aka kai ni babban kurkukun, kafin a tambaye ni sunana aka zaunar da ni a ƙasa aka buga mini mari, wato sarƙar ƙarfe a ƙafafu. Wani tsohon fursuna ne ya koya mini yadda ake ɗaure tsakiyar sarƙar da igiya a ƙugu don kada ta riƙa jan ƙasa, da yadda ake zare wando a hankali ta cikin zoben, da kuma goge ƙarfen kullum, saboda idan ya yi tsatsa ya ci idon sawu, gyambon ba ya warkewa a wannan zafi da laima. Na yi wata 3 a haka.

Sai dai ba marin ne ya fi ba ni tsoro ba. Gandirobobi ba su cika shiga cikinmu ba. Ikon yana hannun wasu fursunoni masu shuɗiyar riga da aka ba su kulki, kuma duk wanda ya san halin bawa idan an naɗa shi sarkin bayi ya san sauran. A ɗakinmu ba a kashe fitila, muna kwana jere kamar kifin gwangwani, kuma faɗin wurin kwanciyarka gwargwadon aljihunka ne. Taba sigari da ƙullin kofi su ne kuɗi. Mu baƙin da babu mai kawo mana ziyara, idan jar shinkafar gidan ta gagare mu ci, sai mu faɗa bashi, bashin kuwa ninkawa yake yi duk mako.

Maƙwabcina a shimfiɗa, wani ɗan Afirka ta Yamma, ya ci bashin kwalin taba 2 yana jiran kuɗi daga gida, kuɗin ba su zo ba. Wata safiya muna wanka a bakin kwatamin ruwa, mutum 4 suka zagaye shi, ɗaya ya soka masa cokalin da aka wasa a siminti a ƙarƙashin haƙarƙari. Kwanon wankansa na gani yana juyawa a ƙasa. Ban ɗaga kai ba, na ci gaba da zuba ruwa a jikina kamar kowa, kuma har yau wannan shirun nawa yana hana ni barci fiye da laifin da ya kai ni can.

Da la'asar ɗin ranar wani dattijo Musulmi daga Pattani, a kudancin ƙasar, ya ga ina taimama a jikin bango. Ya kama hannuna ya ce, "Assalamu alaikum, Nijeriya?" sannan ya ja ni zuwa kusurwar da mutanensa ke sallah. Abin da suka nema a wurina kafin su ba ni kariya, shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.