Yadda Nake Wasa Wuƙar Injin Yankan Ciyawa

Aikin lambu nake yi a wani gida a Ajah, kuma duk wanda ya zauna Legas ya san ciyawarta ba ta hutawa. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya ɗaukewa, ka yanke yau, kafin mako ya zagayo ta sake tasowa. Ƙasar wannan yanki kuma yashi ce, shi ke cinye bakin wuƙa, ga iskar teku mai gishiri da ke jawo tsatsa.

Ciyawar ce ke gaya mini lokacin wasawa ya yi. In na tsuguna na ga kan ganyen ya yi zare-zare kamar bakin tsumma, bayan kwana biyu ya koma ruwan ƙasa, to wuƙa ta dakushe, yagawa take yi ba yanka ba. Mutane da yawa sai su ce ƙishin ruwa ne, su yi ta ban ruwa a banza.

Kafin hannuna ya kusanci wuƙa sai na zare wayar fulogi. Wannan ba na wasa da shi ko kaɗan, domin juya wuƙar da hannu na iya tayar da inji. Sannan in kwantar da injin a gefe, ɓangaren kafireta yana sama, kada baƙin mai ya gangara cikin matatar iska. In tokare wuƙar da guntun katako, in sa sifana in kwance noti, in yi alama da alli a fuskar da ke kallon ƙasa don kada a mayar da ita a kife.

Na fi son magagari a kan injin wasawa. Injin yana da sauri, amma da zarar ƙarfen ya yi zafi har ya yi shuɗi, bakin ya yi laushi ke nan. Da magagari nake bin gangaren da wuƙar ta zo da shi, kusan digiri 30, ina turawa gaba kawai, a fuska ɗaya. Ba na neman kaifin aska. Bakin da ya yi siriri da yawa, tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓantare shi.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne awo. Ina rataya wuƙar ta ramin tsakiya a kan ƙusa a bango. Ɓangaren da ya rinjaya, shi zan ƙara ragewa har ta tsaya daidai. In ba haka ba inji ya riƙa karkarwa, hannu ya yi tsami, sandar injin ta wahala.

Bayan kowane aiki ina kankare jiƙaƙƙiyar ciyawar da ta manne a ƙasan injin, in shafa wa wuƙar ɗan mai. Wadda ta tsage ko ta lanƙwashe kuwa ba na kai ta wurin mai walda. Tana juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, kuma yara na wasa a tsakar gidan nan. Sabuwa nake roƙon maigida ya saya.