Fulogin Injin Baba

Yau da safe na sayo fulogi a kasuwa domin tsohon injin yankan ciyawar da mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa, sai da na iso gida na ga ya fi tsohon fulogin tsawo, wanda in na ɗaura shi zai iya bugun fistan. Na haƙura da komawa, na kankare tsohon da burushin waya, sannan na kwance kafireta na wanke daskararren fetur da ya toshe ta tun daminar bara.

A jan igiya na huɗu injin ya tashi. Na daɗe tsaye riƙe da mariƙinsa, daidai wurin da tafin hannun Baba ya cinye fenti har ƙarfe ya bayyana. Ban shirya rabuwa da injin nan ba tukuna.